Injin Dizal na Oldsmobile: Yadda Noti Goma da Ruwan Cikin Mai Suka Kayar da Shi

A ƙarshen 1977 kamfanin General Motors ya fitar da motocin Oldsmobile samfurin 1978 ɗauke da injin da Amurkawa ba su saba gani a motar gida ba: dizal mai silinda takwas, lita 5.7, wanda suke kira 350 bisa awonsu na inci. Ya fara shiga Delta 88 da Ninety-Eight da Custom Cruiser, da akori-kurar Chevrolet da GMC, sannan ya bazu zuwa Cadillac da Buick da Pontiac. A Cadillac Seville ta 1980 ma shi ne injin da motar ke zuwa da shi, mai son na fetur sai ya nema. A 1981 kamfanin ya sayar da motocin dizal kimanin 310,000. A 1985 aka daina ƙera injin, bayan gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone a motoci ba iyaka, an shiga kotu, masu saye sun juya wa dizal baya.

Abin da aka fi faɗa a kansa shi ne wai injin fetur aka ɗauko aka cire masa fulogi aka kira shi dizal. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta nuna inda gizo ke saƙa. An ƙarfafa sassa da yawa na injin, kuma wani kamfanin ya yi irin wannan juyi a daidai lokacin ya ci riba. Wurare biyu ne aka yi tsimi, kuma su ne daidai wuraren da aikin dizal ya sha bamban da na fetur.

Abin da ya tura su

Takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973 ya girgiza kasuwar motocin Amurka. A 1975 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ɗora wa kowane kamfani matsakaicin shan mai na duk motocin da ya sayar: mil 18 a galan ɗaya a 1978, ya riƙa hawa har mil 27.5 a 1985. Wato daga kimanin lita 13 a kilomita 100 zuwa lita 8.6. Wanda ya gaza zai biya tara. Ribar General Motors kuwa a manyan motoci take, kuma babu wata dabara a wancan lokacin da za ta rage wa babbar mota sha da sauri kamar dizal. Reshen Oldsmobile da ke Lansing a jihar Michigan aka ba aikin, da niyyar a yi amfani da injunan masana'antar da ke sarrafa injin fetur na 350, don kada a kashe kuɗin sabon layi.

Bugu huɗu, wuta iri biyu

Injin fetur ɗin da dizal ɗin duka masu bugu huɗu ne, tsarin da Nikolaus Otto ya tabbatar a Jamus a 1876. Fistin ya sauka, bawul ɗin shiga a buɗe, silinda ta shaƙa. Ya hau, bawul duka a rufe, ya matse abin da aka shaƙa. Wuta ta kama, ta tura shi ƙasa, nan ne kaɗai ake samun ƙarfi. Ya sake hawa, bawul ɗin fita a buɗe, hayaƙi ya fice. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, kowace silinda ta ba da bugun ƙarfi ɗaya.

Bambancin yana cikin abin da ake shaƙa da abin da ke kunna shi. Injin fetur yana shaƙar iska da mai a gauraye, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur, kuma dole haɗin ya tsaya kusa da haka ko da ana gudu ko ana silo. Saboda haka in ana son rage ƙarfi sai a rage haɗin gaba ɗaya, a shaƙe wa injin maƙogwaro da farantin totur. Fulogi ne ke kunna wutar. Ba za a iya matse haɗin da yawa ba, don in ya yi zafi fiye da kima ragowarsa na fashewa da kansa kafin harshen wuta ya iso, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Da man da ake sayarwa a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, ninkin matsin injin 350 na fetur, wato sau nawa fistin ke matse abin da silinda ta shaƙa, bai wuce 8 zuwa 8.5 ba.

Injin da Rudolf Diesel ya tayar a Augsburg a 1897 iska zalla yake shaƙa, kuma ba a shaƙe shi. Yana cika silinda a kowane zagaye, ya matse iskar har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ta fesa shi. Ƙarfi ya dogara ne da yawan man da aka fesa kawai. A dizal ɗin Oldsmobile ninkin matsin 22.5 ne.

Kowace silinda tana share santimita kubik 717 daga ƙasa zuwa sama. A ninki 8.5, filin da ya rage a saman fistin idan ya kai ƙololuwa kimanin santimita kubik 96 ne. A ninki 22.5 kuwa 33 ne kacal, kuma wani kaso mai yawa na wannan yana cikin ƙaramin ɗakin ƙuna da ke cikin tof, wato murfin da ke kan silinda, inda nozul da hita mai ɗumama ɗakin kafin a tayar suke. Iskar da ta shiga da ɗuminta tana kaiwa kusan digiri 400 a na fetur, a na dizal kuwa tana haura digiri 600. Ma'aunin matsi a bakin fulogi yakan nuna bar 10 zuwa 13 (bar ɗaya kusan matsin iskar waje ne) a lafiyayyen injin fetur idan ana kik, a dizal irin wannan kuwa kusan bar 28 zuwa 30 ko fiye.

Daga nan ribar take fitowa. Gwargwadon yadda aka matse, haka iskar da ta ƙone za ta faɗaɗa ta yi aiki kafin a sake ta. A lissafin takarda, tsarin Otto a ninki 8.5 yana iya mayar da kashi 57 cikin ɗari na zafi zuwa aiki, na Diesel a ninki 22.5 kuma kashi 66 ko kusa da haka, gwargwadon tsawon lokacin feshi. Wani abin da ba kowa ya sani ba: da za a ba su ninki ɗaya, na Otto ne zai yi gaba, don yana ƙona mansa kusan lokaci guda yayin da fistin ke sama. Dizal ya ci nasara ne saboda shi aka yarje wa matsi mai yawa. A aikace duka biyun suna ƙasa da waɗannan lambobi nesa ba kusa ba, amma tazarar tana nan. A ƙara da cewa litar man dizal ta fi litar fetur kuzari da kusan kashi goma, kuma dizal ba ya ɓata ƙarfi wajen jan iska ta shaƙaƙƙen maƙogwaro. A tuƙin cikin gari, inda ƙafa ba ta cika danne totur ba, wannan na ƙarshen ya fi komai tasiri.

Injunan fetur na yau suna bin wannan riba ta wata hanya. Tsarin da ake jingina wa James Atkinson, wanda Toyota Prius ta shahara da shi tun 1997, yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, wani ɓangare na haɗin ya koma baya, sai matsi ya ragu amma faɗaɗawa ta kai ninki 13. Ana samun sauƙin sha, a rasa ɗan ƙarfi, injin lantarki ya cike giɓin. A 1977 babu wannan zaɓi a gaban injiniyoyin Lansing.

Abin da aka ƙarfafa, da abin da aka bari

Bulok ɗin dizal sabon zubi ne, ya fi na fetur kauri da nauyi. An ƙara kaurin wuyan karanshaf inda yake zama a kan manyan metal daga inci 2.5 zuwa inci 3. Fistin da kwanrod na dabam ne. Famfon injekta mai juyawa na Stanadyne, samfurin DB2, ya zauna a kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, kamshaf na juya shi. Da yake dizal ba ya samar da zuƙa a bututun shiga, an sa famfon zuƙa a gurbin distiribita, birki kuma ya koma samun taimako daga famfon sitiyari. Batir biyu aka sa, don juya inji mai wannan matsi da safiyar sanyi ba ƙaramin aiki ba ne. Injin ya ba da ƙarfin doki 120, na fetur ɗin kuwa 160 zuwa 170.

Faɗin silinda da tsawon bugu ba su canza ba, milimita 103 da milimita 86. Tsarin notin tof ma bai canza ba: noti goma a kowane tof, wato huɗu kewaye da kowace silinda, kuma na tsakiya silinda biyu ke raba su. Canza wannan tsari yana nufin canza injunan huda na masana'anta, abin da aka shiga aikin don a guje masa ke nan.

Ga nauyin da aka ɗora wa notin. Saman fistin mai faɗin milimita 103 ya kai santimita murabba'i 83. Duk matsin da ya tura fistin ƙasa yana tura tof sama daidai wa daida. Dizal irin wannan, marar tabo mai cusa ƙarin iska a inji, yakan kai bar 70 ko fiye a lokacin ƙuna, wato kusan tan 6 yana ƙoƙarin ɗaga tof daga bulok. Injin fetur mai ƙaramin matsi yakan tsaya a bar 40 zuwa 50 idan an danne totur ƙasa, kusan tan 4. Wanda ya tsaya nan zai ce ai tazarar ba ta kai ta kashe inji ba, kuma a nan ne ake yin kuskure.

Injin fetur ba ya ganin tan 4 ɗin nan sai jefi-jefi, lokacin hawan tudu ko wuce wata mota. A silo, matsin da ke bututun shiga bai wuce kashi ɗaya bisa uku na iskar waje ba, silinda ba ta samun abin kirki da za ta matse, notin tof kusan hutawa suke yi. Dizal kuwa ko a tsaye yake a bakin danja, cikakkiyar iska yake matsewa ninki 22.5, tof na shan kusan tan 4 tun kafin mai ya kama. A juyi 2,000 a minti, kowace silinda tana buga wuta sau 1,000 a minti, sau 60,000 a awa. Kuma ƙunar dizal ba ta hawa a hankali kamar ta fetur. Man da aka fesa yana ɗan jira kafin ya kama, abin da ya taru ya kama gaba ɗaya, matsi ya yi tsalle. Ƙarar da ake ji a dizal ke nan, kuma noti yana jin ta kamar dukan guduma.

Noti a tof kamar sifirin yake. Ana ɗaure shi ya ɗan miƙe, wannan miƙewar ce ke danne gaskit. Muddin dannewar ta fi ƙarfin da ke ɗaga tof, gaskit na zaune lafiya. Idan tazarar ta yi kaɗan, tof yana ɗan numfasawa a kowane bugu, musamman a tsakiyar filin da ke tsakanin noti da noti, inda dannewa ta fi rauni. Zoben ƙarfen gaskit ya riƙa gogawa, iska mai zafi ta sami ƙofa ta fara ci, noti ya gaji ya miƙe ko ya karye. Shi ya sa injunan da aka zana su a dizal tun farko, masu faɗin silinda irin wannan, sukan kewaye kowace silinda da noti biyar ko shida.

Ruwa ta ƙofa biyu

Gaskit ba ya mutuwa rana ɗaya. Da farko hayaƙin ƙuna ne ke shiga hanyar ruwa: tiyon lagireto ya yi tauri minti kaɗan bayan an tayar, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Idan aka kashe injin, matsin silinda ya tafi amma na lagireto yana nan, kusan bar ɗaya, sai hanyar ta juya, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda duk dare.

A injin fetur mai fili santimita kubik 96, ɗan ruwa kaɗan sai dai ya jiƙa fulogi, injin ya yi tari ya watsar da shi. A nan kuwa filin 33 ne, kuma tsakanin saman fistin da fuskar tof bai fi kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Ruwa ba ya matsuwa. Da safe a murɗa makulli, wata silinda ta kama, ƙarfinta ya jefa fistin mai ruwa sama ya tarar da bango. Kwanrod ya lanƙwashe, ko noti ya tsinke, ko karanshaf ya tsage. Wanda ya tsira daga wannan, ruwan da ya gangara cikin baƙin mai zai cinye masa metal sannu a hankali. Alamarsa farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfin zuba mai.

Ƙofa ta biyu ita ce tanki. Motocin farko sun fito babu matatar da ke raba ruwa da mai, abin da kowace babbar motar dizal ke da shi. Man dizal da ake sayar wa ƙananan motoci a Amurka a lokacin sau da yawa yana ɗauke da ruwa da datti, tankin mota ma yana tara raɓa a cikinsa. Ruwa ya fi man nauyi, yana kwanciya a ƙasa, inda bututun ja yake. Famfon DB2 kuwa ba shi da wani abin shafawa sai man da yake turawa, kuma tsakanin sassansa masu juyawa tazarar maikiron kaɗan ce. Ruwa ya shiga, tsatsa ta biyo baya, allurar nozul ta fara maƙalewa, feshi ya koma ɗiga.

Masu motocin sun yi abin da suka saba yi da motar fetur: suka zuba maganin busar da ruwa mai sinadarin alkohol a tanki. A fetur yana aiki. A dizal yana ɗaukar ruwan ne ya ratsa da shi ta filta ya kai shi famfo, sannan ya cinye robobin ciki. A gwamnan famfon, wato sashen da ke daidaita gudun inji, akwai wani zoben roba da ke ruɓewa ya zama baƙin gari, garin ya toshe bawul ɗin da mai ke komawa tanki ta cikinsa, matsi ya taru a gidan famfo, lokacin feshi ya ja baya, injin ya riƙa mutuwa a hanya.

A nan ne matsalolin biyu suka haɗa kai. A dizal, lokacin feshi shi ne lokacin wuta. Idan ya yi jinkiri, injin na wuyar tashi, yana farin hayaƙi, yana zafi. Idan ya yi gaggawa da digiri kaɗan, mai yana kamawa fistin bai gama hawa ba, matsi ya haura abin da aka zana. Nozul mai ɗiga ma tana tara mai ya kama gaba ɗaya. Sarƙar taimin da ke juya kamshaf tana miƙewa da tsufa, ta ja famfo baya tare da ita, wanda kuma ya gyara da kunne, ya murɗa famfo har ƙarar ta yi masa daɗi, yana iya zarcewa. Injin da notinsa ke da rara zai shanye duk wannan. Wannan ba shi da rarar.

A gareji

Makanikan dilolin Oldsmobile da Cadillac ƙwararru ne a fetur, yawancinsu ba su taɓa kwance dizal ba. Sun canza gaskit suka mayar da tsofaffin noti, kamar yadda aka saba a injin fetur ba tare da wata illa ba. Notin da ya riga ya miƙe fiye da iyakarsa kuwa sifanar awo za ta nuna ya ɗauru, amma ba ya danne komai yadda ya kamata. Motar ta dawo bayan 'yan watanni da ciwo ɗaya, sau da yawa da ƙari.

Baƙin mai ma ya ba da tasa gudummawar. Dizal yana zuba toka a cikin mai, yana bukatar mai na musamman da canji a kowane mil 3,000, kimanin kilomita 4,800. Wanda ya zuba man injin fetur ya kuma ja lokaci, kamshaf da tafet ɗinsa ne suka biya. Wasu motocin kuma an haɗa injin da ƙaramar giya mai sarrafa kanta, THM200, wadda ita ma ta yi ta lalacewa, laifinta ya hau kan dizal.

Me ya sa na Volkswagen ya rayu

A 1976 Volkswagen ya fitar da Golf mai dizal, lita 1.5, ƙarfin doki 50, ninkin matsi 23.5. Daga injin fetur aka samo shi, kuma shi ma noti goma ne a tof ɗinsa mai silinda huɗu. Amma faɗin silindarsa milimita 76.5 ne, saman fistin santimita murabba'i 46. A matsi ɗaya, nauyin da ke kan tof ɗinsa bai fi rabin na Oldsmobile da yawa ba, kuma notin sun fi kusa da juna, filin da tof zai lanƙwasa a tsakaninsu ya fi gajarta. Ƙarfin da ke ɗaga tof yana hawa da murabba'in faɗin silinda, shi ya sa dabarar da ta yi aiki a ƙaramin inji ta gaza a babba. Zuriyar wannan injin na Golf ta yi shekaru da dama ana ƙera ta.

Kuma ba za a ce General Motors bai san dizal ba. A lokacin, reshensa na Detroit Diesel yana ƙera injunan jerin 71 tun 1938, injin mai bugu biyu da ke buga wuta a kowane juyi. Fanka mai matsa iska ce ke tura ta ta ramukan jikin silinda idan fistin ya sauka, hayaƙi ya fita ta bawul a tof. Tsarin bugu biyu ya fi dacewa da dizal fiye da fetur, don abin da ke wanke silinda iska ce zalla, in ta bi hayaƙi ta fice ba a yi asarar mai ba, saɓanin ƙaramin injin fetur mai bugu biyu da ke zubar da ɗanyen mai ta salansa. Sai dai jerin 71 na bas ne da manyan motoci da jiragen ruwa, nauyinsa da ƙararsa ba na motar gida ba ne. Da kamfanin ya tashi yi wa akori-kurarsa dizal na gaske, lita 6.2 da ya fito a 1982, Detroit Diesel ne ya zana shi daga tushe, mai bugu huɗu, da noti masu yawa a tof.

Gyaran da ya zo a makare

An rage wa injin ƙarfi zuwa doki 105. A 1981 aka fito da bulok mai alamar DX a jikinsa, da tafet masu taya a madadin masu shafaffen gindi, aka inganta noti da gaskit, aka kuma sa fitilar da ke nuna ruwa a mai. A 1982 aka ƙara dizal mai silinda shida, lita 4.3, wanda aka yi wa tof da noti masu yawa, kuma bai yi ciwon yayansa ba. Injunan DX sun fi na farko nesa ba kusa ba, amma suna ya riga ya ɓaci. Ƙarar da masu motoci suka shigar a haɗe ta sa kamfanin biyan har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin sabon inji. Farashin fetur ya sauka, dokokin hayaƙi sun ƙara tsauri, mutane da yawa suka cire dizal ɗin suka dasa 350 na fetur, wanda ke shiga gurbin ba tare da wahala ba.

A ra'ayinmu, cikin tsimin nan biyu, na matatar ruwa ne ba shi da uzuri. Canza tsarin noti yana bukatar sabon layin masana'anta, ana iya fahimtar jan ƙafa ko da ba a yarda da shi ba. Matatar ruwa kuwa ƙaramin kwano ce da filta da famfon tsiyayewa a ƙasa, ana ɗaura ta a jikin mota da noti biyu.

Waɗanda ke riƙe da injin har yau da ita suke farawa: matata tsakanin tanki da famfo, a riƙa tsiyaye ta, kuma alkohol ba ya shiga tanki. Ba a fesa masa sinadarin tayar da inji a bututun iska, don yana kamawa a jikin hita tun fistin na hanya. Idan ana zargin ruwa a silinda, ba a murɗa makulli. A cire hita takwas ɗin, a juya injin da hannu, a ga ramin da zai tofar. Ta ramin hita ake auna matsi, da ma'aunin da ya kai bar 40 aƙalla. Littafin kamfanin ya ce kada wata silinda ta gaza fam 275 a inci murabba'i, kusan bar 19, kuma mafi ƙanƙanta kada ta gaza kashi 70 cikin ɗari na mafi girma. Ba a zuba mai a silinda don gwada ringi kamar yadda ake yi wa injin fetur, don filin bai isa ba kuma man na iya kamawa.

Idan tof ya sauka, a auna fuskarsa da ta bulok da miƙaƙƙen ƙarfe, a duba tsaga tsakanin kujerun bawul. Kaurin gaskit ba abin wasa ba ne a nan: ƙarin milimita 0.1 yana ƙara fili da santimita kubik 0.8, ya rage ninkin matsi da kusan rabin maki, alhali a na fetur ko kashi ɗaya bisa goma na maki bai kai ba. Idan an share fuskar bulok, dole a auna yadda fistin ke leƙowa a zaɓi gaskit daidai da shi. Tsofaffin noti a zubar, a sa sababbi masu ƙarfi, ko sandunan zare da ake dasawa a bulok a ɗaure su da noti daga sama. A wanke zaren kowane rami, a busar da shi da iska, don ruwa ko datti a ƙasan rami yana tare noti, sifana ta nuna ya ɗauru alhali bai danne ba. A shafa wa zaren mai, a fara ɗauri daga tsakiyar tof ana zagayawa zuwa gefe, zagayen farko a fam-ƙafa 100, na biyu a 130, wato kimanin mita-niyuton 176. Bayan an haɗa, a saita lokacin famfo da na'urar awo, injin yana da ɗumi.